Shekarar da Ɗana Ya Daina Ba da Labari

A gidanmu na ƙauye, can wajen Hawandawaki, ba a aiken yaro ya dawo ya miƙa saƙo ya wuce. In Inna ta aike ni kai niƙa, ko in karɓo mata garwashi a maƙwabta, da na dawo sai ta nuna mini gefen tabarma. Ba ta daina abin da take yi, ko ɓarar gyaɗa ce ko tsintar wake, amma kunnenta na wurina. In na ce, "Na kai, sun ce an gode," sai ta ɗago ta dube ni kamar na je rijiya na dawo da tulu wayam.

"Tashi sama kika yi kika dira tsakar gidansu? Da kika fita ƙofa, wa kika fara gani?"

Dole in koma baya. In ce na ga tsohon nan mai tufkar igiya. Ta ce me yake yi. In ce faɗa yake da akuya. Ta ce shi ya fara ko akuyar. Kafin a jima, aiken da bai wuce tsallaka lungu ba ya zama tafiya guda, ni ina ta ƙara mishi gishiri, ita tana dariya tana cewa, "Kai, 'yar nan! Akuyar ce ta ce haka?"

Baba ma haka yake, ko ya fi. Ranar kasuwar Tasawa yakan ɗora wake a amalanke ya tafi tun da asuba. In ya dawo, tun yana kwance wa sa igiya yake fara ba da labari, kuma ba daga kasuwa yake farawa ba, daga inda san ya ƙi tashi da safe. Ya kwaikwayi muryar dillali, ya kwaikwayi ta mai awo, ya riƙe abin da ya fi daɗi sai can ƙarshe. Inna tana katse shi: "Ba haka ka ce wancan karon ba." Shi kuma ya ce wancan karon wani dillali ne daban. Tatsuniyoyin Inna kuwa duk da dabbobin garinmu take yin su, musamman jakin maƙwabcinmu mai ɗingishi. Sai ta kai tsakiya ta ce ta manta, wani cikinmu ya ƙarasa.

Ban taɓa ɗaukar wannan wani abu ba. Na zaci kowane gida haka yake, sai da na gama karatu, na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, na yi aure a cikin garin Tasawa.

Maigidana gyaran moto yake yi, yana da garaji a bakin hanyar Maraɗi. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, ba ya barin gida babu cefane. Amma magana a wurinshi kamar esansi take, man da ake zuba wa moto, ba a zubar da ita banza. In na ce ya garaji, ya ce lafiya. Wata rana moto ta kama da wuta a garajin har rumfa ta ci, a bakin maƙwabciya na ji. Da ya dawo na tare shi hankalina a tashe, sai ya ce, "An kashe." Iyakarta ke nan. Yayarshi, wadda ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, tana zaune tare da mu tun da mijinta ya rasu, kuma ita ma haka take. Ina kiranta Yaya, ita kuma Madam take ce mini, wani lokaci da girmamawa, wani lokaci da zolaya.

Da na haifi ɗana na fari na yi duk abin da aka san uwa na yi. Ba na kiran sunanshi, ba na yi mishi wasa gaban mutane, in ya yi kuka a tsakar gida sai in bar Yaya ta ɗauke shi. Amma in muka shiga ɗaki ni da shi, bakina ba ya tsayawa. Ina yi mishi wanka ina gaya mishi abin da ya faru a kilas, ina shafa mishi mai ina ba shi labarin jakin garinmu. Da ya fara haɗa magana sai ya zama shi ke ba ni. Yaya tana da wani rago da take kiwo a bayan madafa, yaron ya mai da shi abokin hira.

"Mama, ragon Gwaggo ya ce yana jin ƙishirwa. Sai na ce mishi pampo ya ɗauke. Sai ya ce to, Maraɗi zai tafi ya sha."

"Da me zai tafi?"

"Da moton Baba."

"Ya iya tuƙi?"

Sai ya tsaya ya yi tunani sosai, ya ce, "Kaza ce za ta tuƙa. Shi baya zai zauna."

Yaya tana jin mu daga ƙofar ɗakinta. Wata rana ta kasa haƙuri ta ce, "Madam, ɗan fari ne fa. Kin zauna kina zuba da shi kamar ƙawarki ta lakwal. Ko kunyar idon mutane ba ki ji?" Na yi dariya na ce ai a ɗaki muke. Ta ce ɗaki ba ya rufe murya.

Yana gab da shekara huɗu aka tura ni koyarwa wani ƙauye gaba da Atantane, a yankin Mayahi. Lokacin ina goyon ƙanwarshi. Ɗaki guda mutanen garin suka ba ni, rijiya da nisa, ga goyo, ga kilas. Yaya ta ce a bar mata yaron, dama ɗan fari na dangin uba ne, kuma wa zai riƙe mini yara biyu in na shiga aiki? Maigida ya ce maganarta gaskiya ce. Ni ma na san akwai gaskiya a ciki. Na bar shi.

Hanyar garin yashi ce zalla, mota sai ranar kasuwa, saboda haka ba na zuwa gida sai da bakans, wato hutun lakwal. In ina son in ji muryarshi sai na hau tudun da ke bayan lakwal kafin salula ta kama. Da farko yakan karɓa ya yi ta zuba har Yaya ta ƙwace. Sannu a hankali hirar ta riƙa gajarta. Ina lafiya, lafiya lau. Ka ci abinci, na ci. Me ka yi yau, ba komai. Na ce a raina salula ce ba ya so, ko kuma iska ce ke cinye rabin maganar. A ɗan bakans na tsakiyar shekara ma ban lura sosai ba, kwanakin kaɗan ne, kuma gaishe-gaishe da wanki suka cinye su.

A can kuwa ajin 'yan fara lakwal aka ba ni. Kowace safiya sai in ɗaga hoto in ce su gaya mini abin da ke faruwa, da Hausa tukuna kafin mu je ga Faransanci. Ba a daɗewa nake gane yaron da ake hira da shi a gida. Wani zai ce mace, tulu, kare, ya yi shiru. Wata kuwa za ta ce matar ta ɗebo ruwa, karen ya biyo ta, ita ba ta sani ba, yanzu zai ba ta tsoro tulun ya faɗi. Hoton ɗaya ne. Haka na shekara ina jawo labari daga bakin 'ya'yan mutane kamar mai jan guga, ina alfahari a raina cewa nawa ba zai sha wannan wahalar ba.

Da aka yi babban bakans na dawo Tasawa, damina ta sauka. Na tarar da yaron tsaf, ya yi ƙiba, an yi mishi aski, rigarshi a goge. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni kamar baƙuwa, ya koma gefen Yaya ya zauna. Da muka shiga ɗaki na jawo shi jikina na ce to, yau sai ka ba ni labarin duk abin da aka yi ba na nan.

"Ba komai."

"Haba dai. Ina abokinka rago?"

"An yanka."

Na jira. Bai ƙara ko kalma ba. Muryar ubanshi ce sak, a bakin yaron da bai kai shekara biyar ba.

Yaya ce ta ba ni bayani da kanta, kuma tana murna take faɗa. "Na gyara miki shi, Madam. Da kin bar shi yadda yake, da ya zama abin nuni." Wai wata rana an kai shi garaji, abokan ubanshi na zaune suna shan shayi, sai ya ce musu jiya maciji ya shigo ya hau moto ya zagaya gari. Mutane suka yi ta dariya, wani ya ce wa maigida ɗanka zai yi dillanci. Maigida ya ji kunya. Da suka dawo gida ya zaunar da shi ya ce ƙarya haramun ce, abin da bai gani ba kar ya faɗa, abin da ya gani kuma ya faɗe shi a taƙaice. Daga nan Yaya ta karɓi aikin. Duk lokacin da ya buɗe baki ya ce "wai", sai ta ɗalle mishi leɓe da yatsa. In ya dame ta da surutu sai ta kunna mishi majigin yara a salula ta miƙa mishi, ya zauna shiru har batir ya mutu.

Ban ce mata komai ba, don ta girme ni kuma ita ta yi mini wahalar shekara. Maigida na tunkara da ya dawo cin abincin rana.

"Malam, me ya sa ka hana yaron nan magana?"

"Ban hana shi magana ba. Ƙarya na hana shi."

"Rago ya tafi Maraɗi a kan moto, kaza na tuƙi. Wa zai ji wannan ya ɗauka gaskiya ce? Shi kanshi ya san wasa ne."

"Daga nan ake farawa."

"Ni daga nan na fara. Ka taɓa kama ni da ƙarya?"

Ya ci gaba da cin tuwonshi. Can ya ce, "Ke daban ce." Ya wanke hannu ya koma garaji. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai a zamana da shi: ba a iya yin gardama da mutumin da ba ya mayar da magana. Sai ki shirya hujja tun safe, ki zo ki zuba, ta faɗa cikin yashi.

Na yi ta ƙoƙari a makonnin farko. In aike shi shago in ce wa ka gani a hanya, ya ce ba kowa. In fara mishi tatsuniya, ya saurara da kyau, idonshi na haske, amma in na ce to sai me ya faru, sai ya waiwaya ya dubi ƙofar ɗakin Yaya, ya ce bai sani ba. Wani lokaci in ji kamar in kama kafaɗunshi in girgiza har maganar ta zubo. Ba laifinshi ba ne, na sani, kuma sanin bai rage mini komai ba.

Ana cikin haka abin ya faru. Wata safiya bayan an yi ruwa, ina wanki, Yaya ta tafi barka, yaran biyu suna wasa a bayan gida, wajen dangar maƙwabtanmu. Ƙanwar tashi lokacin ta kusa shekara biyu, tana tafiya ko'ina, duk abin da ta samu baki take kai shi. Wajen azahar ta fara amai. Kafin in canza mata riga zawo ya biyo. Na ɗauka ciwon damina ne, amma aman ya ƙi tsayawa, jikinta ya saki, idanunta suka faɗa. Na kira maigida, ya zo da moto, muka tafi likita, wato asibitin garin. Yaya, da ta dawo daga barkar, ta biyo mu da yaron a kabu-kabu.

Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya duba ta ya ce wannan ya yi kama da wadda ta ci wani abu. Ya tambaya ko akwai maganin ɓera a gida, ko na feshin gona, ko ƙwayoyin wani babba da aka ajiye ƙasa. Na ce babu. Ya ce wa ke tare da ita da safe? Duk muka juya muka dubi yaron.

Ubanshi ya sunkuya ya ce, "Me ta ci?"

"Abu."

"Wane abu? Faɗi sunanshi."

Yaya ta shiga jero mishi: magani ne? Sai ya gyaɗa kai. Ƙasa ce? Ya gyaɗa. Sabulu ne? Ya sake gyaɗawa. Majo ya ce wannan ba zai taimake shi ba. Na miƙa wa Yaya yarinyar, na durƙusa gaban yaron, na yi iya ƙoƙarina in sassauta murya.

"Da kuka fita bayan gida, ina kuka zauna?"

"Wajen danga."

"Yawwa. Me kuka gani a wurin?"

Ya ce, "Akwai kaza. Tana..."

"Ba kaza aka tambaye ka ba!" in ji ubanshi. Bai taɓa yi wa yaron tsawa irin wannan ba, tsoro ne ya sa shi, na gani a fuskarshi. Amma shi ke nan. Yaron ya rufe baki, ya sa kai ƙasa, hawaye na zuba ba sauti. Na roƙe shi, na lallashe shi, na yi mishi alkawarin alewa. Ko uffan. Majo ya ce a bar shi haka, ya sa wa yarinyar ƙarin ruwa, ya ce za su yi abin da za su iya su ga yadda jikin zai yi.

Muka zauna a benci ba mu san da me muke faɗa ba. Ina kallon ɗiyata a kwance da allura a hannu, ina kallon ɗana a rakuɓe jikin bango, amsar tana cikin kanshi, tazarar da ke tsakaninmu ba ta wuce in miƙa hannu in taɓa shi ba. Ban taɓa jin takaici irin na ranar ba.

Maƙwabciyarmu ce ta fitar da mu. Dattijuwa ce, Kirista, ita da mijinta suna noma a bayan gari, kuma tun da na zo unguwar muke mutunci. Da ta dawo gona bayan la'asar aka gaya mata, sai ta zagaya inda yaran suka yi wasa. Ta zo likita da abu ƙulle a bakin mayafinta, ta kwance gaban majo: ɓawon 'ya'yan cindazugu ne a farfashe, irin wanda aka yi dangar tata da shi. Majo ya ce to, yanzu ya san inda ya dosa. Ya ce yara na yawan cin shi don yana kama da gyaɗa, yana wahalarwa ƙwarai, amma tunda an kawo ta da wuri, da yardar Allah za ta tashi. Muka kwana can, washegari da yamma aka sallame mu.

Sai bayan wasu kwanaki na ji yadda aka yi. Yaya ta fita unguwa, ina zaune ina tsinkar zogale, shi yana gefe yana wasa da murfin kwalba. Ban dube shi ba, ban kuma tambaye shi komai ba. Na dai ce, kamar da kaina nake magana, ni kam kazar nan ta wajen danga tana ba ni mamaki, ban san me take nema a wurin ba.

Ya ci gaba da juya murfin kwalbar. Can ya ce, "Tona take yi."

Na ci gaba da tsinka.

"Akwai wasu baƙaƙen abu a ƙasa. Sai muka kore ta. Sai na fasa ɗaya da dutse. Cikin fari ne." Ya tsaya, ya dubi ƙofa. "Sai muka yi wasan shago. Ni ne mai shago. Ƙanwata ce mai saye. Ganye ne kuɗin."

"Kai ba ka ci ba?"

"Mai shago ba ya cin kayanshi."

Na ajiye zogalen. Na ce to me ya sa ba ka gaya wa majo haka ba?

"Baba ya ce in faɗi sunanshi. Ni ban san sunanshi ba."

Ashe kazar ita ce bakin hanyar. Yaron da bai san sunan abu ba, ba shi da yadda zai kai ka wurin sai ta labari: inda ya zauna, abin da ya fara gani, abin da ya yi da hannunshi. Da an bar shi ya bi kazar nan, jimla uku ko huɗu za su kai mu gindin cindazugu tun azahar. An shekara ana toshe mishi wannan hanyar, ranar da aka buƙace ta kuma aka yi mamakin ba ta nan.

Haka na gaya wa maigida, ban rage komai ba, kuma ban sassauta murya ba. Ya saurare ni har na gama. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Da ya ce 'ya'yan itace, ai ya isa." Na ce shekararshi nawa? Ya tashi ya fita. Washegari da sassafe na ji sara a bayan gida. Shi ne da mijin maƙwabciya suna sassabe rassan cindazugun da suka leƙo wajenmu, suna share 'ya'yan da suka zuba. Na gane amsarshi ke nan, kuma ba ita nake nema ba.

Na roƙe shi abu guda. Na ce ba sai ya yi tatsuniya ba, tunda yana ganin ƙarya ce. Ya ba yaron labarin gaskiya, wani abu da ya same shi yana ƙarami. Ya ce to. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya kira yaron, ya zaunar da shi gabanshi kamar za a yi shari'a, ya gyara murya.

"Da ina kamarka, mun tafi kiwo. Sai saniya ta ɓace. Muka nemo ta."

Yaron na kallonshi. Ni ma ina kallonshi.

Na ce, "A ina kuka gan ta?"

"A daji."

"Kai da wa?"

"Da wani."

"Ka ji tsoro?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi da wani yare. Ya ɗan yi tunani, da gaske yake tunanin, sannan ya ce, "Ban sani ba. Ba wanda ya taɓa tambayata." Na tashi na shiga madafa, na tsaya gaban murhun da babu wuta. Haushi nake ji, amma na rasa wanda zan ɗora wa. Shi ma haka aka yi mishi, kuma wadda ta yi mishi tana can ɗakinta tana ninke wa ɗana riguna da hannunta.

Da komawa lakwal ta matso na ce da yaron zan tafi. Nan aka yi rigimar da ba a taɓa yi ba a gidan. Yaya ta yi kuka, kukan gaske, don tana son shi kamar ranta. Ta ce ta yi mini reno na saka mata da wulaƙanci. Ta ce ba a taɓa ganin uwar da ta rungume ɗan fari haka ba sai ni, boko ya cire mini kunya. Dangi suka shigo, wata gwaggonsu ta aiko daga Bawudeta a gaya mini in ji tsoron Allah. Na ce na ji, amma da shi zan tafi. Maigida ya bar mu muka yi ta yi, sai ana gobe tafiya ya ce, "Ki je da shi zuwa bakans na farko, mu gani." Yaya ta yi watanni ba ta karɓar gaisuwata a salula. Har yau in maganar ta taso cewa take na ƙwace mata ɗa.

Zan so in ce da muka isa ƙauye bakinshi ya buɗe. Bai buɗe ba. Abin ya zo da kaɗan-kaɗan, kamar ruwan rijiya a bazara. Muna zuwa ɗiban ruwa ina tambaya, muna dawowa ina ba da nawa labarin, har matan garin suka sa mini suna rediyo. Ya ɗan sake. Bakans na farko ya zo ya wuce, maigida bai ce a bar shi a Tasawa ba. Yanzu ya shiga lakwal, yana karatu da kyau, lissafi ma ya fi kowa a ajinsu. Yana ba da labari in an matsa, amma daga ƙarshe yake farawa, sai na jawo shi baya, kuma kowace jimla biyu sai ya tsaya ya ce, "Gaskiya ne fa, Mama." Ƙanwarshi, wadda ba ta taɓa rabuwa da ni ba, in ta fara zuba sai an roƙe ta ta numfasa. In tana yi yakan zauna yana kallonta, wani lokaci ya yi murmushi, wani lokaci ya ce mata ƙarya haramun ce.

Kuma kowane bakans sai mun koma Tasawa, don gidansu ne, ubanshi ne, gwaggonshi ce. Da mun sauka tasha nake ganin kafaɗunshi sun ɗaure. Kafin mu kai ƙofar gida ya koma lafiya lau da ba komai. In hutu ya ƙare sai in sake farawa kusan daga inda na faro.

Bana ma haka aka yi. Muka shiga motar kasuwa za mu koma, an cusa mu baya tsakanin buhunan gero da jarkoki, ƙanwar na barci a cinyata, shi yana jikin taga. Tun daga Tasawa bai ce uffan ba. Sai da muka bar kwalta muka shiga yashi, mota na tangaɗi, na ji ya ja mini hannun riga.

"Mama, kin ga mutumin can da raƙumi?"

Na gan shi sarai. Wani dogo ne da rawani, raƙumin ya durƙushe a tsakiyar hanya ya ƙi tashi, mutumin na tsaye gabanshi ya riƙe ƙugu kamar mai yi wa yaro faɗa. Amma na ce, "A'a, ban gani ba. Me suke yi?"

Ya leƙa taga, ya buɗe baki. Mota ta sha kwana.

"Sun wuce," in ji shi. Ya jingina kai da buhu ya rufe ido.